Rana Takan Riga Faɗuwa a Yola

Ƙarfe biyu da kwata na rana abin ya fara lalacewa, wata Talata cikin kaka, kuma babu wanda ya lura, har ni da na lalata shi. Abin da na yi bai wuce ɗaga kai ba. Na dubi kalandar sallah da ke rataye a bangon ofishinmu, na ga an rubuta magariba ƙarfe shida daidai, na kwafe lambar a takardar tafiyar jirgi, na ja mata layi biyu a ƙasa kamar yadda aka koya mini.

Saboda ku masu shigowa aikin yanzu na fara da wannan. Kusan kowannenku, a ranarsa ta farko, sai ya zaro waya ya nuna mini: daga Bauchi zuwa Yola kilomita ɗari uku da 'yan kai, awa ɗaya da 'yan mintuna a sama, to me ya rage a yi? Ba na musu da wayar, lambarta daidai ce. Wadda na kwafa daga kalanda ma daidai ce, babu kuskuren ko minti ɗaya a cikinta.

Sunana Hajara. A Ƙofar Dumi aka haife ni, mahaifina maɗinkin manyan riguna ne. Ni ce yarinyar da ake samu a lungun zaure da littafi idan an yi baƙi, don kada a ce in fito in gaishe su. Labarin ƙasa na karanta, kuma da lokacin koyon aiki na wata shida ya zo, aka tura ni wani ƙaramin kamfani a tsohon filin jirgi na cikin gari. Jirgi ɗaya gare su, mai kujera shida, ana ɗaukar shatarsa zuwa duk inda akwai titin sauka. Wata shidan nan ya zama shekara talatin da ɗaya, a kamfanoni uku. Yanzu a Gwallameji nake zaune, ina zuwa ofis a keke sau uku a mako, in duba takardun da kuke cikawa.

Aikin mai tsara tafiya shi ne ya rubuta wa matuƙi takarda guda kafin ya tashi. A ciki akwai nisa, da lokacin da tafiyar za ta ci, da man da za a zuba, da nauyin mutane da kaya, da inda iska ta dosa. Layi na ƙarshe shi ne wanda ake ja wa layi biyu: lokacin da idan ya wuce jirgi ba zai tashi ba. Namu ba shi da izinin zama a sama bayan faɗuwar rana, kuma dokar kamfanin ta ce ƙafarsa ta taɓa ƙasa saura kwata rana ta faɗi.

Aikin farko da aka ba ni tafiyar Jos ce. Malam Sale, mai riƙe da teburin, ya shimfiɗa mini taswira, ya ɗora rula a kai, ya koma kujerarsa yana ɓare goro. Dogon dattijo ne, ya yi shekaru a hasumiyar filin jirgi kafin ya yi ritaya kamfanin ya ɗauke shi. Na auna nisan, na raba shi da gudun jirgin, na rubuta minti talatin, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya duba, ya ce, “Madalla. Wannan jirgin naki a sama aka haife shi?”

Na sake duban lambar da na rubuta.

“Bai yi tafiya a ƙasa ba kafin ya ɗaga? Bai sha wahalar hawa ba? Da ya isa Jos sai ya tarar titi na jiransa shi kaɗai, an share masa?”

Na ce, “Ban sa ba, Malam.”

“To sa. Taswira ba ta san wannan ba, ke ce za ki sani.”

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma har yau zan iya zana inda kowanne ke zama a kan teburin. Taswirar an manna mata ƙyalle a baya don kada ta yage, kuma wurin Bauchi ya yi baƙi saboda yawan ɗora yatsa. Rula ta roba ce, gefe ɗaya ya ɗan ci, saboda haka ba a auna da shi. Fensir a ɗaure yake da zaren ɗinki a ƙafar tebur, don matuƙa suna wucewa da shi a aljihu. Sai wani faifan ƙarfe mai kamar murfin gwangwani, zagaye biyu ne ɗaya na juyawa a kan ɗaya: ka daidaita nisa da gudu ya nuna maka mintuna, ka juya bayansa ya nuna maka abin da iska za ta ƙara ko ta rage. Mako uku na yi ina tafiya da shi gida, ina juya shi a ɗakin mahaifiyata, har ta tambaye ni ko abin duba ne suka ba ni. A bakin ƙofa kuma akwai sikeli irin na masu sayen gyaɗa, kowa sai ya hau shi, kaya ma haka.

Sikelin nan ya fi komai jawo mana magana. Na tuna wani ɗan kwangila da za shi Kaduna, ya tsaya a gabansa ya ce babu buƙata, shi ya san nauyinsa, saba'in ne. Malam Sale ya ce, “Haka ne, Alhaji, amma babbar rigar fa? Ita muke so mu auna, sai dai ba ta iya hawa ita kaɗai.” Mutumin ya yi dariya ya hau. Ɗari da huɗu. Malam ya rubuta, sai da mutumin ya fita ya juyo wurina. “Kin ga? Ba a kunyata mutum, amma ba a rubuta abin da ya faɗa. Abin da sikeli ya faɗa ake rubutawa.” Wata Hajiya kuma ta zo da buhun albasa biyu za ta kai wa 'yarta Kano, aka ce ɗaya za a ɗauka, ta zauna a kan ɗayan ta ce to a auna su tare a ce ita ce ta yi ƙiba.

Ni ban iya irin wannan ba. Lissafi na iya. A wata biyar matuƙinmu, Kyaftin Yohanna, bai kama ni da kuskure ko ɗaya ba, har ya sa mini suna Farfesa. Mutumin kudancin jiha ne, gajere mai yawan wasa, yakan karɓi takardar Malam ya bi ta layi-layi da bakin biro don ya tsokane shi, amma tawa sai ya ninke ya sa a aljihu. Idan aka zo maganar mutane kuwa, sai in ɓuya bayan Malam. Shi ke cewa a hau sikeli, shi ke cewa lokaci ya yi a shiga jirgi.

Yawancin tafiye-tafiyenmu na safe ne, ba a damu da faɗuwar rana ba. Idan ta yamma ta kama, na sha ganin abin da Malam ke yi: ya ɗaga kai ya dubi kalandar sallar nan, wadda wani masallaci ya raba, ya ɗan yi shiru yana tauna goro, sannan ya rubuta lamba. Na ga ɗaga kan, na ga rubutun. Shirun da ke tsakani na ɗauka na goro ne. Sau biyu na cika layin da kaina, na Kaduna da na Kano, ya duba ya sa hannu bai ce komai ba, domin duka biyun suna yamma da mu, kuma lambata ba ta cutar da kowa ba.

Ranar Talatar, Malam ya tafi jana'izar maƙwabcinsa tun kafin azahar, ya ce in riƙe teburin, babu wata tafiya sai dawowar jirgi daga Jos. Wajen ƙarfe biyu da 'yan mintuna, mota ta tsaya a ƙofar ofis, wani dattijo ya shigo da sauri. Alhaji Buba ne, mai shanu, gidansa na Ƙofar Ran, amma asalinsu mutanen Yola ne kuma mahaifiyarsa na can. An bugo masa waya jikinta ya yi tsanani, tana ta kiran sunansa.

Bai zauna ba. Ya ce, “'Yata, ina Malam Sale?”

Na ce ya tafi jana'iza.

“To ke za ki faɗa mini. Ga mota can cike da mai, direba na ciki. Idan na kama hanya yanzu, kafin a gama isha'i ina gaban Inna in Allah ya so. An ce mini kuma jirginku na nan tafe. Wanne zai riga kai ni? Gaskiya nake so, ba ciniki ba.”

Na ce ya ba ni minti biyar. Na ɗora rula daga Bauchi zuwa Yola, na juya faifan: minti saba'in a sama. Na ƙara goma na tafiyar ƙasa da hawa da sauka, tamanin ke nan. Rahoton iska na tsakar rana ya ce ba ta da ƙarfi. Jirgi zai dawo daga Jos uku da kwata, a zuba mai, huɗu saura minti goma ya shirya. A nan ne na ɗaga kai na dubi kalanda. Shida daidai, a cire kwata, a cire minti tamanin. Na rubuta huɗu da minti ashirin da biyar, na ja layi biyu.

Na ce, “Jirgi, Alhaji. Idan kun tashi huɗu saura goma, biyar da minti goma kuna Yola.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ya leƙa ya ce wa direba ya mayar da shi gida ya ɗauko jaka.

Jirgi ya sauka a kan lokaci. Alhaji ma ya dawo a kan lokaci, uku da minti arba'in, amma ba shi kaɗai ba. Mota biyar ce ta biyo shi. Ku da kuka taso da babban filin jirgi mai shinge da masu gadi ba ku san wannan ba: a wancan lokacin 'yan rakiya har gindin jirgi suke zuwa, kuma mutum kamar Alhaji Buba ba ya tafiya duba mahaifiya unguwa ta bar shi ya tafi haka nan. Da farko aka ce a yi la'asar, tunda ga jama'a ga liman. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar ofis. Da aka idar liman ya yi addu'a mai tsawo, ta samun sauƙin Inna, ta sauka lafiya, ta iyayen kowa. Sannan aka shiga sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da saƙon da za a kai mata, kowa da abin da ya riƙo: galan ɗin zuma, ƙunshin kilishi, turmin zani, ruwan zamzam a 'yar jarka. Duk abin da aka miƙo sai na ɗora a sikeli na sake lissafin nauyi. Wata tsohuwa, goggon matarsa, ta riƙe hannun rigarsa tana ba shi sunayen magungunan da za a jiƙa wa Inna, tana sa shi yana maimaitawa.

Ƙarfe huɗu Kyaftin ya gama duba mai, ya zo yana goge hannu. “Farfesa, je ki tayar da mutanenki. Wannan taron suna ne ko tafiya?”

Na ce, “Muna da lokaci har huɗu da ashirin da biyar.”

“Ke kika ce?”

“Ni na ce.”

Ya ɗaga kafaɗa ya koma inuwar fiffike.

Duk da haka sau uku na nufi Alhaji da takarda a hannu. Na farko na tarar liman na magana, na tsaya. Na biyu na ce “Ranka ya daɗe” a hankali, wani ya yi sallama da ƙarfi ya rufe muryata. Na uku na isa har bayansa, na ga duk waɗanda ke kewaye da shi sa'o'in mahaifina ne, na koma na tsaya kusa da sikeli. Na ce wa kaina ai takarda ta ba mu lokaci. Ƙarfe huɗu da minti ashirin da huɗu ƙafar jirgin ta bar ƙasa, na rubuta a littafi, na ga ma na rage minti ɗaya.

Ƙarfe biyar Malam Sale ya shigo, ƙurar maƙabarta a takalminsa. Na ba shi labari, na miƙa masa kwafin takardar. Ya bi ta da yatsa daga sama yana gyaɗa kai. Da ya zo layin ƙarshe yatsan ya tsaya.

“Ina kika samo shida?”

Na nuna kalanda.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Hajara, kina da dangi a gabas?”

“Ƙanwar mahaifiyata na Maiduguri.”

“Da azumi, ku da su wa ke riga shan ruwa?”

Na ce, “Su.”

Ya ce, “To.”

Wannan abu ne da kowace yarinya a Ƙofar Dumi ta sani, ana jin sa a rediyo duk watan azumi. Ni kuma har jarrabawa na ci a kansa: kowane digiri ɗaya zuwa gabas, rana na riga faɗuwa da minti huɗu. Yola na gabas da mu da digiri biyu da rabi, minti goma ke nan. Masu buga kalandar kuma sun ƙara wasu 'yan mintuna a kan faɗuwar rana, don kada wani ya yi sallah ko ya sha ruwa kafin lokaci. Shirun da Malam ke yi yana tauna goro, wannan lissafin yake yi: ya cire na masu kalanda, sannan ya cire ko ya ƙara na garin da za a je. Ya kamata in rubuta huɗu da minti goma sha ɗaya.

Yana miƙa hannu zai ɗauki waya ta yi ƙara. Daga hasumiya ne. Jirginku ya juyo, in ji su.

Daga baya Kyaftin ya faɗa mana yadda aka yi. Iskar gabas ta ƙaru da yamma, ta ci masa mintuna. Da ya kai inda rediyonsa ke kama Yola, suka ba shi lokacin faɗuwar rana a can, shida saura minti goma sha huɗu, shi kuwa lissafinsa ya nuna sai shida saura takwas zai isa. Ya ce ido zai iya ganin titi a lokacin, amma izininsa bai ce haka ba, ga gajimare ya taru a gabansa. Ya juya ya bi rana. Shida saura kwata suka sauka a Bauchi.

'Yan rakiya duk sun watse, direba ma ya tafi. Alhaji Buba ya sauko shi kaɗai da galan ɗin zuma a hannu. Malam ya tare shi, ya cire hula, ya ce, “Alhaji, laifin teburinmu ne.” Ni ina bayansa na ce, “Ni ce na rubuta.” Ban ga alamar wani ya ji ba. Alhaji ya zauna a bencin ƙofar ofis, ya ajiye zumar tsakanin ƙafafunsa. Ƙarfe shida daidai aka kira magariba a masallacin bayan filin, kamar yadda kalandar ta ce.

A wancan lokacin ba a kama hanyar Yola da dare, 'yan'uwansa suka hana shi. Washegari da hasken farko suka sake tashi. Ni na cika takardar, Malam na tsaye a kaina. Ya sa ni na yi lissafin da ƙarfi, kowace lamba sai na faɗi inda na samo ta. Tun daga ranar haka muke yi, kuma shi ya sa nake sa ku ku ma ku faɗa da baki, kuna ganin kamar ɓata lokaci ne. Abin da mai koyarwa ya yi a cikin kansa, mai koyo ba ya gani.

Da Kyaftin ya dawo da hantsi na tare shi tun bai cire abin sauraron rediyo daga kunnensa ba. Na ce, “Ya same ta?”

Ya ce, “Farfesa, na sauke shi, mota ta ɗauke shi, na juyo. Babu wanda ya ce mini komai.”

Bayan kwana biyu na tambayi Malam. Ya ce, “Aikinmu daga ɗaga ƙafa ne zuwa sauke ƙafa. Abin da ke bayan wannan, idan mai shi ya ga dama ya faɗa.” Na san zai iya ji a masallaci ko a kasuwa, wataƙila ma ya ji. Bai faɗa mini ba, ban sake tambayarsa ba.

Ba a yi wata guda ba muka shiga shekarar da har yau nake kira mummunar shekara. Injin jirgin ya cika awoyin aikin da aka ƙayyade masa, aka sauke shi, wani ƙarfe da za a sa masa sai daga waje, aka yi ta jira. Wata goma jirgin na tsaye an lulluɓe hancinsa da tamfol, tsuntsaye suka yi sheƙa a ƙarƙashin fiffike. Kyaftin ya tafi Kano yana tuƙa na wasu. Makaniki ya koma gyaran injin ban ruwa. Wata shidana ya ƙare, makaranta ta sallame ni, babu wanda ya ce in ci gaba da zuwa, babu kuma wanda ya ce in daina. Kullum da safe nakan tako daga Ƙofar Dumi in tarar da Malam ya buɗe ofis ya share, mu zauna mu biyu, waya ba ta ƙara.

A watannin nan na yi littafin da kuke gani a aljihun teburina, mai baƙin bango, wanda ɗayanku ya tambaye ni ko na addu'o'i ne. Na sayi littafin rubutu mai kauri, na ba kowane filin jirgi da muke zuwa shafi huɗu. Na auna nisansa daga Bauchi sau uku, a ranaku daban-daban, don kada hannuna ya maimaita kuskurensa. Na rubuta mintunan tafiya idan babu iska, da idan tana gaba, da idan tana baya. Sannan na bi makonnin shekara ɗaya bayan ɗaya na fitar da faɗuwar rana a kowane gari, Malam na duba mini da wani tsohon littafin hasumiya da ya aro. Shafin Yola na fara yi. A ƙasan kowane shafi Malam ya sa na bar fili, ya ce in rubuta “mutane”. Na ce me zan sa a ciki? Ya ce idan ɗan kwangila ne shi kaɗai, minti biyar. Idan mai unguwa ne ko mai zuwa gaisuwa, arba'in, kuma a faɗa masa lokacin tashi da arba'in ɗin a cire.

Sau da yawa a shekarar hanya ta bi da ni ta Ƙofar Ran. Na san gidan, mai zaure biyu da turken shanu a gefe. Sau ɗaya har na tsaya wurin mai ƙosai da ke kallon ƙofar, na saya, na juya. Tambaya ɗaya ce, kowace mata a layin za ta iya ba ni amsarta, amma sai an ce wace ce ke, me ya haɗa ki da su.

Da aka ɗaura injin, Kyaftin ya dawo, aiki ya fara shigowa kaɗan-kaɗan. A mako na uku, wata Alhamis da hantsi, ina cika takardar Kano, na ji sallama. Alhaji Buba ne. Ya ɗan rame. Malam ya miƙe ya ba shi kujera, suka gaisa, ya ce Yola za shi ranar Asabar da yamma, an haifa wa ƙaninsa 'ya, suna ranar Lahadi.

Malam ya jawo takarda zai fara. Alhaji ya ɗaga hannu. “A'a. Ina yarinyar nan mai rula? Ita za ta yi.”

Na matso da littafina. Na buɗe shafin Yola, na yi lissafin da baki kamar yadda na saba, yana saurare: nisa kaza, minti tamanin, iska kaza, rana za ta faɗi a Yola ƙarfe kaza, ba a Bauchi ba. Na rubuta lambar ƙarshe na ja layi biyu. Sannan na ajiye fensir. Malam ya dube ni, ya mayar da idonsa kan goronsa.

Na ce, “Baba, ina da tambaya.” Wannan karon muryar ta fita.

“Ina ji, 'yata.”

“Waccan tafiyar. Kun samu Inna?”

Ya dubi takardar. Sannan ya ce, “Ban same ta ba. Bayan isha'i ta cika, a daren. Na samu jana'iza.”

Na ce, “Allah ya jiƙanta. Ni ce na rubuta lokacin.”

“Na sani. Na ji ki tun ranar, kina bayan Malam.” Ya gyara zaman hularsa. “Na yi lissafin nan ni ma, ba sau ɗaya ba, ko da yake ba ni da rula. Ke kwata guda kika ɓatar. Ni minti talatin da huɗu na tsaya a gindin jirgi ina karɓar zuma, kuma na gan ki sau uku kina zuwa da takarda kina komawa. Kwananta ne ya ƙare, wannan ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Amma jaririyar nan sunan Inna za a sa mata, ina so in kwana a can. Ranar Asabar mutanen nan za su sake biyo ni, har liman. Idan lokaci ya yi, kada ki tsaya a bayana. Ki zo ta gabana ki ce, Baba, shiga jirgi.”